Timiya: ruwa na nan yana zuba, baƙi sun ɗauke ƙafa

A tsakiyar duwatsun Abzin, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas, akwai wata mafaɗar ruwa wadda hotonta ya zagaya biranen Turai fiye da yadda ya zagaya Maraɗi, Tawa ko Damagaram. Sau biyu kasuwar ƴan yawon buɗe ido ta ci a bakin wannan ruwa, sau biyu kuma ta watse. Abin da mutanen Timiya suka samu, da abin da suka rasa, da abin da ya riƙe su bayan tafiyar baƙi, darasi ne ga ƴan kasuwa da magabata baki ɗaya.

Hanyar ruwa

Duk wanda ya tashi daga Agadas da nufin Timiya, to ya ɗaura ɗamarar wuni guda cikin mota, domin babu kwalta. Hanyar takan bi ta Dabaga da garakenta, ta wuce Elmeki inda aka daɗe ana haƙar kuza, sannan ta shiga hawa da gangara tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ba kowace mota ke iya ta ba, sai kat-kat ko manyan motocin da ke ɗauko albasa da lemu. Matafiyi yakan isa da la'asar sakaliya ko bayan magariba, jiki duk ƙura, ya tarar da gari kwance a bakin wata faffaɗar ƙorama mai farin yashi, dabino da goriba sun yi masa shinge, tsohon barikin da sojan Faransa suka gina a farkon shekarun 1950, wanda ake kira da sunan Massu, yana leƙensa daga kan tudu.

Daga gari zuwa mafaɗar ruwan, wadda masu lakwal ke kira kaskad, ƴan kilomita kaɗan ne, kuma da ƙafa tafiyar ta fi daɗi. Da sassafe ake fita. A watannin Disamba da Janairu sanyin Abzin ba abin wasa ba ne, sai an naɗa rawani an rufe kunne. Da farko mai tafiya yakan bi yashin ƙorama, garake dama da hagu, kowace da shingenta na ƙaya. A can ciki ana jin kukan gurgurar rijiya inda raƙumi ko sa ke jan wasaki, a wata garkar kuma ƙarar injin ban ruwa. Ƙamshin ganyen lemu yana biyo iska. Ƴan mata sun riga sun koro awaki sun nufi gindin duwatsu, domin a wannan ƙasa kiwon awaki aikin mata ne.

Sannu a hankali garake su ƙare, yashi ya ba duwatsu wuri. Duwatsun nan baƙaƙe ne, ragowar aman wutar da ƙasa ta yi tun zamanin da ba wanda ya shaida, kuma suna cin takalmi. A nan ne wanda ya zo da silifa yake gane kurensa. Babu inuwa sai ta ƴan itatuwan ƙaya jefi-jefi. Kafin ido ya ga ruwa kunne ke fara jin sa, wata ƙara ƙasa-ƙasa da ke fitowa daga tsagin dutse. Sai hanya ta karkata, a yi kiciɓis da bangon dutse mai tsayi, ruwa yana gangarowa hawa-hawa, daga wannan kwarmi zuwa wancan, har ya taru cikin wani tafki a gindi. Ruwan sanyi ƙarara gare shi ko da rana ta take. Mutumin da ya ratso ɗaruruwan kilomita na ƙura da ƙishi ba ya buƙatar a gaya masa dalilin da ya sa ake ɗaukar hoton wannan wuri. Gani ya kori ji.

Sai dai ruwan yana da fuska biyu. Da rani siririn zare ne ke bin dutse. Da damina kuwa, tsakanin Yuli da Satumba, idan hadari ya zuba a kan tsaunuka, ƙorama takan taso ja wur cikin ɗan lokaci, tana jan itace da duwatsu, ko da ɗigo bai sauka a inda mutum yake tsaye ba. Shi ya sa ɗan gari ba ya kwana a tsakiyar ƙorama idan sama ta haɗu, kuma baƙon da ke da hankali ba ya zuwa ba tare da ɗan jagora ba.

Garka, akuya da raƙumi

Kafin a san kalmar turis a Timiya, garin yana tsaye ne bisa ƙafa uku, kamar murhu. Mutanensa Abzinawa ne, Kel Ewe. Ƙafa ta farko ita ce garka, inda ake noma alkama, masara, albasa, tumatir da dabino. Ta biyu awakin mata, masu ba da nono da cuku. Ta uku ayari. Bayan damina maza kan ɗaura wa raƙuma kaya su ratsa Tenere zuwa Bilma, su sauke hatsi su ɗauko kantu da dabino, su komo gida su ɗan huta, sannan su gangara kudu zuwa Damagaram da ƙasar Tasawa har cikin Nijeriya, su sayar da gishiri su auni hatsi, raƙuma na kiwo a gonakin Hausawa da aka girbe. Sai gab da damina suke komawa. Saboda haka ne Hausa ta zauna a bakin mazan Timiya, kuma tsofaffin ƴan kasuwar kudu sun san su tun iyaye da kakanni.

Wani masani Bajamushe, Gerd Spittler, wanda ya fara bincikensa a ƙasar Gobir kafin ya hau Abzin a shekarun 1970, ya rubuta littafi a kan yadda mutanen Timiya suka haye yunwar 1984 zuwa 1985. Abin lura a ciki shi ne, gida guda yakan raba hannuwansa: wani ɗa a garka, wani a ayari, mata a wajen awaki. Idan fari ya karya ƙafa ɗaya, sauran biyun su ɗauki tukunya. Bayan farin 1973 zuwa 1974 kuma, wani poroje na Jamusawa ya taimaka wajen gyaran hanya da kare bakin ƙorama, itatuwan lemu da rumman suka yawaita, har sunan Timiya ya zama tambarin lemu mai zaƙi a kasuwannin Agadas da Arlit.

Zuwan kat-kat

Ƙafa ta huɗu daga waje ta zo. A shekarun 1970 Mano Dayak ya buɗe kamfanin Temet Voyages a Agadas, wasu suka bi sahunsa. A shekarun 1980 tseren motoci na Paris-Dakar ya riƙa ratsa Agadas da Tenere, talabijin ɗin Turai suka nuna wa duniya tuddan yashi da masu baƙin rawani. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta sama da miliyan 7, sannan a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Faransawa, Jamusawa, Italiyawa da ƴan Suwis suka riƙa zuwa daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da zafi ya sauka.

Kusan duk zagayen da kamfanonin Agadas ke shiryawa sai ya biyo ta Timiya. Daga nan a wuce kangon Asode, tsohon birnin Abzin, a faɗa tuddan yashin Arakaw ko Temet, a komo ta Iferwan. A cikin tafiyar mako guda ko biyu, bakin ruwan Timiya shi ne zangon da baƙo ke wanke ƙura. Motoci su tsaya, kuku ya hura wuta, baƙi su shiga ruwa. Kafin su fito an riga an shimfiɗa zannuwa a kan dutse, an jera azurfa, wuƙaƙe, jakunkunan fata da ƴan siffofin dabbobi da aka sassaƙa daga dutse mai laushi. Daga cikin sarƙoƙin giciye 21 da ake danganta wa garuruwan Nijar har da mai sunan Timiya, kuma wanda ya zo garin yakan so ya koma da ita. Samarin da suka mai da wannan ciniki sana'a har suna aka raɗa musu da Faransanci, wanda ma'anarsa mafarautan turis ke nan. Wani masanin Bajamushe, Marko Scholze, ya fitar da littafi a kansu a 2009.

Rijiya ta bayar, guga ya hana

Ɗan kasuwa zai tambaya: nawa ne ke zama a gari? Amsar tana cikin bin sawun kuɗin. Baturen da zai zo Abzin a garinsu yake biya. Kaso mafi tsoka na jirgin sama ne da kamfanin da ya sayar masa da tafiyar a Paris, Munik ko Milan. Abin da ya ƙetaro teku yana sauka a Agadas: hayar mota, man fetur, albashin direba, ɗan jagora da kuku, da cefanen da aka yi a kasuwa kafin tashi. Baƙo yana tafe da tantinsa, da katifarsa, da abincinsa, da ruwan shansa. Ba ya kama ɗaki a Timiya, ba ya cin tuwon kowa. Sau da yawa awa biyu ko uku yake yi, in ya daɗe ya kwana ɗaya. Abin da ya rage wa masu ruwan shi ne cinikin azurfa da fata, ɗan kwandon lemu, cuku, wani lokaci ɗan akuyar da za a gasa ko raƙumin da za a hau.

Ko da yake kaɗan ne a ma'aunin Bature, a ma'aunin ƙauye ba kaɗan ba ne. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, tamma ɗaya ta Faransa da ke daidai da sefa 50 ta koma sefa 100, daga baya yuro ɗaya ya tsaya a kusan sefa 656. Abin da baƙo ya ɗauka a matsayin canjin aljihu yana iya fin ladan kwanaki da yawa na jan ruwa a garka. A nan ne sauyin ya soma.

Abin da kuɗin baƙo ya taɓa

Maƙera ne suka fara cin moriya. A tsarin Abzinawa na dā, maƙeri yana rayuwa ne a jingine da wani babban gida: ya ƙera takobi, sirdi da kayan ado, matarsa ta yi dukanci, a biya su da hatsi ko dabba. Da turis suka zo, sai ya sami mai saye da ba ya tambayar asalin kowa. Wasu maƙeran suka yi kuɗi fiye da gidajen da suka gāji yi wa aiki, suka buɗe shaguna a Agadas da Yamai, wasu har suka riƙa kai kaya Faransa da Jamus. Ƴaƴan manyan gidaje kuwa, waɗanda a dā kunya ba ta barin su bin baƙo da kaya a hannu, wasunsu suka ajiye kunyar suka shiga layi. Dattawa ba su ji daɗi ba, amma ciki ba ya jin wa'azi.

Yara ma sun koyi sabon karatu. Kalmar kado, wato kyauta, ta riga gaisuwa fita daga bakin wasu. Bature ya miƙa biro ko alawa da kyakkyawar niyya, bai san yana koya wa ɗan mutanen da ke ƙyamar roƙo miƙa hannu ba. A ɗaya gefen kuma, iyaye sun ga cewa yaron da ya iya Faransanci shi ke yin ciniki, shi ke rubuta wasiƙa, shi ake ɗauka ɗan jagora, lakwal ta ƙara daraja a idon waɗanda a dā ke ɓoye ƴaƴansu.

Daga cikin masu wucewa wasu sun zama abokai na gaskiya. A 1997 aka kafa ƙungiyar Les Amis de Timia a Faransa, wadda ta sa hannu a harkar ilimi da lafiya da gyaran tsohon barikin. Ba wanda zai raina irin wannan taimako. Sai dai ya zo da nasa nauyi: wanda ke da aboki a Turai ya zama ƙofar da alheri ke shigowa, maganarsa ta soma yin nauyi kusa da ta mai gari da ta malamai, hassada kuma ta sami wurin zama.

Akwai kuma abubuwan da ba a sa musu farashi ba. Baƙi maza da mata suna wanka kusan tsirara a inda makiyaya ke shayar da dabbobi. Ana ɗaukar hoton mata ba tare da neman izini ba. Ana ƙona itace a ƙasar da icce ke shekaru kafin ya kai tsawon mutum. Ana barin gwangwani da leda a bayan dutse. Mafi muni, kawunan kibau na dutse, duwatsun niƙa da tukwanen mutanen farko da ke warwatse a Tenere sun zama haja, aka riƙa tsince su ana sayarwa. Dokar kare kayan tarihi ta Yunin 1997 ta hana, amma jandarma nawa za su tsare hamada? Abin da ya fita ya fita ke nan.

Ranar da kasuwa ta watse

Tarzomar Cintabaradan ta Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya sun rufe Abzin. A 1992 UNESCO ta mai da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba na wannan shekara, kuma filin jirgin Agadas yana ɗauke da sunansa. Sannu a hankali baƙi suka komo, musamman da jiragen kamfanin Point-Afrique suka riƙa sauka Agadas kai tsaye daga Faransa. Bayan ƙona makamai a Agadas a Satumban 2000, kasuwa ta ci fiye da dā. Samari suka ci bashi suka sayi mota, wasu suka sayar da raƙuma suka zuba a azurfa.

A Fabrairun 2007 ƴan tawayen MNJ suka kai hari Iferwan, nakiyoyi suka shiga hanyoyi, lokacin baƙi na wannan shekara ya mutu tun kafin ya fara. Ana murnar kwanciyar ƙura a 2009, sai ga sace mutum 7 masu alaƙa da kamfanonin Areva da Satom a Arlit cikin Satumban 2010. Ƙasashen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirorinsu, jirage suka daina zuwa. Sace wata ƴar Ostiriya a Janairun 2025 da wata ƴar Suwis a Afrilun wannan shekara, dukansu a cikin garin Agadas, ya ƙara nesanta ranar komowarsu.

Direbobi da ƴan jagora da suka san hamada kamar tafin hannunsu ba su zauna ba. Wasu suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta sana'ar, kafin a soke ta a Nuwamban 2023. Wasu suka bi zinariyar da ta ɓulla a Jado da Cibarkatan a 2014, inda kaɗan suka dace, da yawa suka komo hannu rabbana. Maƙera suka karkata ga kasuwannin baje koli na Yamai da Wagadugu. Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ya saki garkar ubansa gaba ɗaya ya rungumi baƙo.

Abin da ya riƙe Timiya shi ne tsofaffin ƙafafun nan. Injin ban ruwa ya faɗaɗa garake, albasar Abzin ta sami kasuwa har bakin teku, lemu da rumman suna isa Yamai. Ayari ya ragu saboda manyan motoci, amma bai mutu ba. Masu sayen waɗannan kaya ba Turawa ba ne, ƴan kasuwar ƙasa ne, kuma ba su taɓa daina zuwa saboda launin wata taswira ba. Sai dai a nan ma akwai abin tsoro. Ruwan garka da ruwan da ke zuba a kan dutse uwarsu ɗaya, wato abin da ƙorama ta ajiye a ƙarƙashin yashi lokacin damina. Raƙumi yana gajiya ya huta, inji ba ya gajiya. Idan ana zuƙa fiye da abin da sama ta bayar, rijiyoyi za su yi zurfi, kuma ba garka kaɗai za ta ji a jikinta ba.

Kafin baƙo ya komo

Komai daren daɗewa tsaro zai samu, baƙi kuma za su komo, domin irin wannan wuri ba shi da yawa a duniya. Lokacin gyara shi ne yanzu da babu kowa a bakin ruwan. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 Timiya ta sami majalisarta da magajin garinta, tun 2011 kuma tana cikin gundumar Iferwan. Hukumar da ke kusa da jama'a ita ta fi cancanta ta tsara kuɗin shiga mai rasit wanda kowa ya san inda yake zuwa, ta keɓe wurin zango da wurin wanka nesa da mashayar dabbobi, ta hana saran itace, ta wajabta ɗaukar ɗan jagora daga cikin gari. An ga misali a Kure, kusa da Yamai, inda ƴan ƙauyuka suka kafa ƙungiyar masu raka baƙi ganin raƙuman dawa, kafin harin Agustan 2020 ya girgiza wurin. Ya kamata kuma kamfanonin Agadas su saba da kwana a gari da yin cefane a gari, ba su zo da komai su bar ƙura kaɗai ba.

Saura magana ga ƴan ƙasa. Ma'aikata da ƴan kasuwa da yawa sun san Kwatano, Lome da Dubai, amma ba su taɓa taka Abzin ba, alhali lemun Timiya yana kan teburinsu kowane sanyi. Baƙon gida ba ya buƙatar biza, yana jin Hausar da mai garka ke ji, ya san kunya, yana cin abincin da aka dafa a gari, kuma gargaɗin wata ma'aikatar harkokin waje ba ya tsai da shi. Abin da yake buƙata shi ne hanya mai kyau da kwanciyar hankali, waɗannan kuwa alhakin magabata ne. Hanyar da za ta kai shi ita ce kuma za ta fito da albasa da lemu kafin su ruɓe.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana jiƙa ganye da safe, ba wanda ya ƙi ta, amma ba a shuka dominta. Mutanen Timiya sun ga zuwanta sau biyu, sun ga bushewarta sau biyu. Ruwan dutsensu kuwa yana nan yana zuba, ƴan mata suna shayar da awaki a gindinsa kamar yadda kakanninsu suka yi.